Jirgin ƙasan da 'yan sa-kai suka hana shi mutuwa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla. Malam shugaban taro, malamai, ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. An ba ni minti 40, kuma abubuwa huɗu na shirya: tarihin layin, yadda ake kula da inji, yadda ake kula da dogo, sai batun kuɗi da mutane.

Akwai wani gari a gaɓar teku a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, sunansa Tywyn. Kada rubutun ya tsorata ku, Tawin ake faɗa. Daga nan wani ɗan siririn layin dogo ya tashi ya shiga cikin duwatsu, mil 7 da kwata, ana kiransa Talyllyn. Faɗin dogon ƙafa 2 ne da inci 3. Ku kwatanta da tsohon layinmu na Legas zuwa Kano mai ƙafa 3 da inci 6, za ku ga wannan ƙanensa ne. A shekarar 1866 aka fara ɗaukar fasinja a kansa, amma ba don fasinja aka gina shi ba. Wani baƙin dutse ake haƙa a Bryn Eglwys, mai faskaruwa falle-falle, wanda suke rufin gidaje da shi, shi jirgin yake saukowa da shi.

Tun kafin a buɗe aka ci karo da matsala. Sufeton gwamnati ya zo ya ga gadojin da jirgin ke bi ta ƙarƙashinsu sun yi ƙunci, mutum na iya matsewa tsakanin tarago da bango. Sai aka gusar da dogon gefe guda, aka toshe ƙofofin ɓangare ɗaya. Har gobe ta gefe ɗaya ake shiga jirgin nan, ta nan kuma ake fita.

A 1911 layin ya koma hannun ɗan majalisar yankin, Sir Henry Haydn Jones. Ma'adinar ta rufe a 1946, amma dattijon nan ya ce muddin yana numfashi jirgi ba zai tsaya ba. Ya kuma cika alkawari, har ya rasu a watan Yulin 1950. Kowa ya ɗauka shi ke nan, sai masu sayen tsohon ƙarfe. Sai wani injiniya, Tom Rolt, da abokansa suka kira taro a Birmingham ranar 11 ga Oktoban 1950, suka kafa ƙungiya. Ranar 14 ga Mayun 1951 jirgin farko ya tashi a hannunsu. A duniya kaf, wannan ne karo na farko da 'yan sa-kai suka karɓi layin dogo na fasinja suka ci gaba da tafiyar da shi. Mu a nan muna da sunan abin, aikin gayya. Sai dai gayyarmu ta yini ɗaya ce, a yi noma a sha fura a watse. Tasu yau ta haura shekara 70.

Me suka gada? Dogo ya nutse cikin ciyawa, katakon ƙarƙashinsa ya ruɓe, a wurare da dama saiwar ciyawa da ƙasa ne ke riƙe da ƙarfen. Injuna biyu ne, Talyllyn na 1864 da Dolgoch na 1866, kuma Dolgoch kaɗai ke iya motsi. Tsohuwa suke kiranta. To wannan ya kawo mu abu na biyu, wato inji, kuma ku yi mini haƙuri, a nan zuciyata take.

Wa ya taɓa ganin jirgin kwal yana tafiya? Hannu uku, duk masu furfura. (Dariya.) Alhaji, kai shaida ne, in na yi kuskure ka gyara mini.

Injin tururi tukunya ce a kan ƙafafu. Ku riƙe wannan, tukunya ce. A baya akwai murhu, akwatin ƙarfe da ruwa ya kewaye shi, har samansa. Daga murhun siraran bututai suka ratsa ta cikin ruwan har gaba, zafin wuta na bi ta cikinsu, hayaƙi ya fita ta sama. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ba shi da hanyar fita, sai ta inda direba ya buɗe masa, ya je ya tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Duk wadda ta taɓa danne murfin tukunyar wake ta san ƙarfin da nake nufi.

Na taɓa yin sammako a ma'ajiyar injunansu da ke Pendre, a cikin garin Tywyn, kuma gani ya kori ji. Gari bai gama wayewa ba, ga sanyi, wani saurayi ya riga kowa zuwa. Bai fara da ashana ba. Da fitila ya fara, ya leƙa cikin murhu yana neman ɗigon ruwa, don ɗigo ɗaya a wurin da bai kamata ba magana ce babba. Ya duba gilashin ruwa. Ya kwashe tokar jiya. Sannan ya jera itace, ya ɗauko tsumma mai mai a kan shebur ya kunna ya tura ciki. Daga nan sai jira, awanni. Ba a yi wa tukunya gaggawa, domin ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake yi, in wani sashe ya riga wani miƙewa sai haɗin ya fara yoyo. Yana jira yana goge tagulla, yana bin gaɓoɓin injin da butar mai ɗaya bayan ɗaya.

Gilashin ruwan nan, wani ɗan bututun gilashi ne a gaban mai hura wuta, bai fi tsawon tafin hannu ba, yana nuna inda ruwa ya tsaya a cikin tukunya. Ran kowa a jirgin nan yana jikinsa. In ruwa ya sauka har rufin murhu ya bushe, wuta za ta tausasa ƙarfen, tururi ya danno shi, kuma abin da zai biyo baya Allah ya kiyaye. Shi ya sa ake ɗaura wani noti a rufin murhun mai dalma a cikinsa. In ruwa ya yi ƙasa dalmar ce za ta fara narkewa, tururi ya feso cikin wuta ya yi gargaɗi. A wurin ma'aikatan jirgi babu abin kunya kamar a ce dalma ta narke a hannunka. Ga wani abin kuma: layin hawa ne daga teku zuwa dutse, in jirgi na hawa ruwa ya taru a baya, gilashi ya nuna maka ya cika, da kan injin ya fuskanci gangara sai ruwan ya gudu gaba. Don haka mai wuta dole ya san hanya kamar tsakar gidansu, ya san inda zai ƙara kwal kafin hawa, ya san inda zai ƙara ruwa.

To ta yaya za a damƙa wannan a hannun ɗan sa-kai, wanda ran Litinin malamin makaranta ne ko akawun banki? Amsar ita ce tsani. Kowa daga goge-goge yake farawa. Ko kai farfesa ne, tsumma za a miƙa maka. Ka yi shekaru kana goge inji kana kwasar toka, kana kallo, sannan a gwada ka a ba ka shebur. Ka yi wasu shekarun kana zuba kwal, a sake gwada ka a kan dokokin hanya da sanin inji, likita ya duba lafiyarka da idonka, sannan ka zama direba. Daidai yadda yaron makeri yake shekara yana zuga kafin a bar shi ya taɓa masaba. Ba a biyansa ko kwabo, amma doka ba ta san da wannan ba. Hukumar da ke sa ido kan manyan jiragen Birtaniya, ita ce dai ke sa ido a kansu.

Ban gama da tukunya ba. Ruwa yana barin dattinsa a ciki, irin farin abin nan da ke kama gindin butar shayi. In ya yi kauri sai ya hana zafi isa ga ruwa, ƙarfe ya ƙone. Saboda haka lokaci-lokaci ake hutar da inji a kwance notuna a wanke cikinsa da ruwa mai ƙarfi. Duk shekara sufeto na zuwa ya duba tukunyar a sanyaye, ya dawo ya duba ta da wuta a ciki. Kusan duk shekara 10 kuma sai an ɗaga tukunyar gaba ɗaya daga kan ƙafafunta, a zare bututai, a auna kaurin ƙarfe. In an gama gyara ba da tururi ake fara gwaji ba, da ruwa ake cika ta a matsa. Me ya sa? Wa zai faɗa mini? Yauwa, 'yata ta can gefe ta faɗa: ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya fashe tsiyaya kawai zai yi. Allah ya yi miki albarka. Ita Tsohuwa Dolgoch, a 2011 ta dawo aiki da sabuwar tukunya, da kuɗin da jama'a suka tara mata, kuma har yanzu tana jan fasinja.

Ina muke? Na uku, ko? An miƙo mini takarda wai saura minti 7. To, dogo a gurguje. Da sanyin hunturu, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa, ake canza katako, a zuba tsakuwa, a share magudanan ruwa, a sare rassan itace. Ruwa shi ne babban abokin gabar dogo. A 1951 'yan ƙungiyar sun sayo injuna biyu daga wani layin maƙwabcinsu mai suna Corris da aka rufe, fam 25 kowanne, sai ɗayan ya riƙa faɗawa tsakanin ƙarafan dogo saboda hanyar ta buɗe, dole aka ajiye shi sai da aka gyara hanya. A 1976 suka ƙara tsawon layin fasinja zuwa Nant Gwernol. Kuma da yake layi ɗaya ne, direba ba ya shiga wani yanki sai da alamar izinin wannan yankin a hannunsa, don kada jirage biyu su yi gaba da gaba.

Na uku, kuɗi. Na ce na uku ɗazu? To na huɗu. Tikiti kaɗai ba ya riƙe layi. Akwai kuɗin zama ɗan ƙungiya, da shagon tsaraba, da wurin shan shayi, da gudummawa, da wasiyyar da mutane ke bari. Akwai 'yan ma'aikata masu albashi, sauran duk sa-kai ne, har mai sayar da tikiti da mai wanke tarago. Damuwarsu ta yanzu kwal ce, domin ma'adinar Ffos-y-fran ta kudancin Wales, wadda irin waɗannan layuka suka dogara da ita, ta rufe a 2023. Sai kuma neman matasa da za su gaji tsofaffi. Malam shugaba, a ba mutum ɗaya dama.

(Wani ɗalibi ya miƙe: Malam, Allah ya ƙara basira. Mu a nan mun taɓa samun irin wannan ƙaramin layi, kuma za a iya tayar da shi?)

Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mun yi. Daga Zariya zuwa Jos har Bukuru akwai ƙaramin layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Don kuza aka gina shi, kamar yadda aka gina Talyllyn don dutse. Ya isa Jos a 1914, aka rufe shi a 1957, shekara 6 kacal bayan mutanen Tywyn sun nuna cewa ana iya ceton irinsa. Abin na yi mini ciwo. Ka ji wani kuma: da Saliyo ta rufe nata layin mai wannan faɗin, 'yan sa-kai na wani layi a Wales, Welshpool da Llanfair, suka zo a 1975 suka sayi inji da taragun fasinja suka kai can suka ci gaba da aiki da su.

Tayar da layin Zariya zuwa Jos gaba ɗaya, ba zan yaudare ka ba, ya fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai. Amma a Ebute Metta ta Legas wata ƙungiya mai suna Legacy ta gyara tsohon gidan Jaekel a harabar reluwe ta mai da shi gidan tarihi, kuma da sa-kai aka yi. Abin da ya fi gaggawa a wurinmu mutane ne. Tsofaffin direbobi da masu wuta da suka yi aiki da jirgin kwal suna nan a Zariya da Kafanchan da Kano, kuma kullum raguwa suke. Ku ɗauki wayoyinku ku je ku gaishe su, ku ce su nuna muku yadda ake riƙe shebur, yadda ake karanta gilashi a kan hawa, ku naɗa. Alhajin nan da ya ɗaga hannu ɗazu, kada ku bari ya fita sai kun ji unguwarsu. Alhaji, ka yarda? Ya ce bayan sallar Magariba.