Jawabin Maraba Ga Mai Girma Hakimi Daga Islamiyyar Matan Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagaci, Malam Liman, masu unguwanni, iyayenmu da 'yan uwa mata, assalamu alaikum. A madadin malamai da ɗaliban wannan makaranta, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, a bana mun bi ayoyin da suka yi magana kan ciki, naƙuda da shayarwa, mu da abin yake faruwa a jikinmu. A Suratu Luƙman aya ta 14, Allah ya shaida cewa uwa tana ɗaukar ɗanta cikin rauni a kan rauni. A Suratu Maryam, naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino har ta ce ina ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. Lallashinta aka yi, aka ba ta ruwa da nunannen dabino.

Inda muka fi daɗewa shi ne Baƙara aya ta 233. Shayarwa shekara biyu ga mai son cikawa, ci da sutura a wuyan uba, kuma kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Ko yaye, idan za a yi shi da wuri, sai da yardar juna da shawara. To, idan Allah ya sa bakin mace a maganar yaye, yaya za a cire shi a maganar awo da tazarar haihuwa?

Amma ka san halin ƙauyukanmu. Mace ta kwana biyu a kan gwiwa, maigida yana ci-rani, ba mai ba da izinin fita da ita. Mai haihuwar fari kuma ta danne ciwo saboda kunya. Doguwar naƙudar nan ita ke cika asibitin Jahun na Jihar Jigawa da masu yoyon fitsari, inda Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa take aiki tun 2008. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka umarci dagatai da masu unguwanni su tara magidanta: duk mai tafiya ci-rani ya bar izini da kuɗin mota kafin ya sa ƙafa. Limamai kuma su kai ayar nan ta Baƙara kan mumbari ranar Juma'a, domin maza sun fi jin ta daga can.

Yanzu ɗalibai za su karanta ayoyin, sannan mu saurari jawabinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar da kai gida lafiya.