Mai jego, nononki ya isa: amsar maganganun da ake faɗa miki a gida

Assalamu alaikum, iyayenmu mata da 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar da sauran zangunan Kumasi. Mai jego, barka da arziki, Allah Ya raya. Wannan bidiyo naki ne, amma in da hali ki kira Hajiya uwar maigida ta zauna kusa da ke, shi ma maigidan ya matso, domin a gidajenmu ba mai jego kaɗai ke yanke shawarar abin da zai shiga bakin jariri ba.

Mu fara daga ranar haihuwa. Nonon farko da ke fitowa, mai kauri, mai launin ɗorawa, shi ne dakashi. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa datti ne, a matse a zubar, a wanke nono, a jira farin ya zo. Wannan asara ce babba. Dakashi cike yake da sinadaran kariya da jikin uwa ya haɗa, suna shafe hanjin jariri su tare ƙwayoyin cuta. Shi ne kuma ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, wanda fitarsa da wuri ke rage shawara.

Ba sai mun je Turai neman hujja ba. A nan Ghana, a yankin Kintampo da ke kan hanyar Tamale, an bibiyi jarirai kusan dubu 11, aka buga sakamakon a 2006. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da kowane jariri zai kama nono a ranar farko, da an kauce wa kashi 16 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko. Da kuwa a cikin awar farko ne, kashi 22. Shi ya sa ungozoma ke ɗora miki shi a ƙirji tun kafin a yi masa wanka. Ke ma kina da riba, don tsotson nan yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu.

Sai a ce, ai nonon bai zo ba, yaro zai mutu da yunwa. Hajiya, cikin jariri a ranar farko ba ya ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi a lokaci guda. 'Yan ɗigon dakashin nan daidai cikinsa ne. Farin nono yakan kawo ne tsakanin kwana na 2 zuwa na 4, kuma abin da ke kiransa shi ne tsotso. In aka cika masa ciki da ruwan sikari, zai yi barci, ba zai tsotsa ba, nonon ya ƙara jinkiri. Zuma kuwa kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, ko lasa, saboda takan ɗauki wata ƙwayar cuta da ke shanye jikin jariri har ta taɓa numfashinsa. Addu'a ba a hana ta, a yi masa kiran salla a kunne, a tofa masa. In an yi niyyar rubutu ko zamzam, shawarata a ba uwar ta sha.

Yanzu maganar ruwa, wadda ta fi kowace wahalar karɓuwa. Watan Fabrairu da Maris, rana ta buɗe a Kumasi, babba ma yana shan ledar ruwa bayan leda, sai kaka ta dubi jikanta ta ce, wannan yaro ba za a ba shi ruwa ba? Ai alhaki ne. Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma tausayin nan abin girmamawa ne. Amma nonon uwa kansa, kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda ke fara fitowa idan yaro ya kama yana da ruwa-ruwa, yana kashe ƙishi. Yana ci gaba da sha, nonon yana ƙara maiƙo, shi ke ƙosar da shi. Don haka idan kika matsa kika ga nononki tsararo, kada ki ce ba shi da kyau, farkonsa kika gani. Ki bar yaro ya gama da guda kafin ki juya shi ɗayan. Lokacin zafi ki yawaita ba shi, ke kuma ki sha ruwan.

Ruwan da ake ba jariri yana ɓarna ta hanya fiye da ɗaya. Yana cike gurbin nono a ɗan cikin nan ba tare da ya ƙara masa komai ba. Yana iya shigo da ƙwayoyin gudawa, daga ruwan kansa, ko kofi, ko cokali, ko bulumboti. In ya yi yawa kuma, ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba, gishirin jininsa ya tsinke, har yakan kai ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Ghana magana ɗaya suke yi: wata 6 na farko nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko, sai maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Binciken lafiyar al'umma na Ghana na 2022 ya nuna kusan kashi 53 cikin 100 na jariran da ba su kai wata 6 ba ne ke samun haka. Ke nan kusan rabi ana haɗa musu da wani abu.

Galibin wannan haɗin daga shakka ɗaya yake tasowa: nonona ba ya isarsa. A nan nake so ki saurara da kyau. Nono kamar rijiya yake, ana ɗiba tana ɓuɓɓugowa. Duk lokacin da yaro ya tsotsa, saƙo yana zuwa ƙwaƙwalwarki, ta saki sinadarin da ke sa a haɗa wani nonon, kuma wannan sinadari ya fi fita da dare. In nono ya zauna a cike ba a sha ba, jiki sai ya ɗauka ba a buƙata, ya rage. To kin ga yadda abin ke tafiya. An ce bai isa ba, an ƙara da madara ko koko, yaro ya rage tsotso, nonon ya ragu da gaske, sai a ce, ka gani ko, dama mun faɗa. Alhali ƙarin da aka yi ne ya kashe shi.

Kuka ba shi ne ma'auni ba. Yaro yana kuka don zafi, don jiƙewa, don iska a ciki, don yana son jikin uwarsa. Akwai kuma kwanakin da zai manne wa nono kamar ba ya ƙoshi, sau da yawa wajen mako na 3, mako na 6 da wata na 3. Girma ne yake yi, yana ƙara wa kansa nono, bayan 'yan kwanaki abin ya daidaita. Ma'aunin gaskiya shi ne yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kina jin haɗiyarsa, kuma daga kwana na 5 yana jiƙa ƙyalle aƙalla sau 6 a rana da fitsari mara duhu. Sauran kuma sikelin ranar awo zai gaya miki. Ɗan raguwar nauyi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yakan dawo cikin mako 2. Girman nono kuwa ba ruwansa da yawan abin da yake fitarwa. Zubewar da 'yan mata ke gudu ma, ciki da shekaru ne suka fi kawo ta.

Idan kan nono ya tsattsage yana zafi, kada a ce miki haƙuri za ki yi, haka shayarwa take. Yawanci kamun ne bai yi ba. Ya kamata bakinsa ya buɗe sosai, ya haɗa da baƙin da ke zagaye da kan nonon, haɓarsa tana taɓa nono, cikinsa manne da naki. Nas a wajen awo za ta gyara miki cikin 'yan mintuna, ki tambaya, ba abin kunya ba ne.

Akwai zargin da ya fi ci mini rai, a ce wa mace tana da mugun nono, shi ke kashe mata 'ya'ya. A da har tururuwa ake jefawa cikin nonon a ga ko za ta mutu. Wannan ba gwaji ba ne. Uwa ta rasa ɗa, maimakon a bincika sikila, ko maleriya, ko wata cuta, sai a ɗora mata laifi, a hana na gaba abincin da zai cece shi. Haka ma a ce wadda ta yini a kasuwar Kejetia cikin rana nononta ya yi tsami, sai ta zubar. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Ki wanke hannu ki ba shi.

Zazzaɓi, mura ko gudawa ba sa hana shayarwa, kariyar da jikinki ke haɗawa a lokacin ma tana isa ga yaro. Ki dai gaya wa likita kina shayarwa kafin ya rubuta magani. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau ta riƙe maganinta ba fashi, ta bi tsarin da asibiti ya ɗora ta. Sai batun shan ciki: an samu kwanika, ranar da aka gane sai a shafa maɗaci a nono, a kai yaro gidan kaka. Ramar da gudawar da ke biyo baya ba guba ce daga nono ba, yayen gaggawa ne, yaro ya rasa abincinsa da uwarsa rana ɗaya. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa, sai in tana zubar jini ko ta saba haihuwar bakwaini, nan sai ta nemi shawarar ungozoma. Kuma shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi.

Abincin mai jego ba sai na musamman ba. Tuwo da miyar ayoyo, wake, kifi, ƙwai, gyaɗa, a ci a ƙoshi. Kunun kanwa dai a sassauta, don likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da tsananin gashin jego da ciwon zuciya bayan haihuwa. Maigida, kuɗin da za ka kashe a gwangwanin madara, ka sa shi a tukunyar mai jego. Tun shekarar 2000 Ghana ta kafa dokar da ta hana tallar madarar jarirai da raba ta kyauta ga iyaye mata, saboda an ga yadda ake tsinka ta don ta daɗe, a dama da ruwan da bai tafasa ba. Akwai yaran da dole ce ta sa su kan madara, kamar maraya, ko wanda likita ya hana uwarsa shayarwa. Waɗannan ba abin zargi ba ne, a koya wa masu renonsu yadda ake haɗawa daidai.

Ma'aikaciya, dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ki hutun haihuwa na aƙalla mako 12, da awa 1 a lokacin aiki don shayarwa. Mai sana'a a kasuwa da 'yar kaya ba su da mai ba su hutu, wannan gaskiya ce mai ɗaci. In ba za ki goya shi ki tafi da shi ba, ki tatsa a kofi mai tsabta mai murfi. A wuri mai sanyi a ɗaki yana kaiwa awa 4, a firji kwana 4 idan wuta ba ta yi ta ɗaukewa ba. A ɗumama shi cikin kwanon ruwan ɗumi, a ba shi da ƙaramin kofi.

Wata 6 ya cika, a fara abinci, amma ba tsararon koko ba. A yi shi da kauri, a sa gyaɗa, garin kifi ko ƙwai, nono kuma ya ci gaba har shekara 2, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku. Kafin nan, duk ranar da jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, kada a tsaya jiƙo, kada a jira ranar suna. A ɗauke shi a kai asibiti mafi kusa a ranar.