Man CBD da tsohon da ya daina cin abinci

Assalamu alaikum, masu kallo.

Duk mai tsoho a gida ya san wannan hali. A kai wa Baba tuwo, ya yi loma biyu ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. A hankali rigarsa ta fara yi masa yawa. Ana cikin wannan damuwa sai ga talla a Facebook ko WhatsApp: 'yar kwalba ce ta mai da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, an rubuta CBD a jikinta, ana cewa tana sa cin abinci. Kafin ku tura kuɗi, ku ba ni minti biyar.

CBD taƙaitawa ce ta kanabidiyol, ɗaya daga cikin sinadarai fiye da 100 masu kama da juna da ke cikin ganyen wiwi. Wani masani a Amurka, Roger Adams, shi ya fara ware shi a 1940. Daga baya Raphael Mechoulam a Isra'ila ya gano tsarinsa a 1963, sannan a 1964 shi da abokin aikinsa suka ware ɗan'uwansa, wato THC. To, a nan rikicin yake. THC ne ke bugarwa, kuma shi ne ke sa mai shan wiwi ya ji yunwa kamar ya kwana bai ci ba. Masu talla sun ɗauki aikin THC sun jingina wa CBD don kawai ganye ɗaya suka fito.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu wurare da sinadarai ke maƙalewa, waɗanda masana ke kira CB1. Ku ɗauke su kamar kwaɗon ƙofar yunwa. THC mabuɗi ne da ya dace da kwaɗon, yana shiga ƙofa ta buɗe. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da dronabinol, wato THC da aka haɗa a masana'anta, ga masu cutar ƙanjamau da suka rame, a 1992. CBD kuwa ba ya buɗe wannan kwaɗo. Gwajin da aka yi a ɗakin bincike ma ya nuna yana sa shi ya ƙara tauri.

Mu duba abin da ya faru da mutane. A 2018 FDA ta amince da Epidiolex, tsantsar CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke farawa tun yarinta. A takardar maganin an jera illolinsa, kuma raguwar sha'awar abinci tana cikin na gaba-gaba. Kashi 16 zuwa 22 cikin 100 na waɗanda suka sha sun rage cin abinci, alhali a cikin waɗanda aka ba maganin gwaji marar komai kashi 5 ne kawai. Akwai kuma gudawa, da yawan barci, da rama, da alamun wahalar hanta a gwajin jini. Gaskiya ne yawancinsu yara ne, kuma adadin da suka sha ya fi na 'yar kwalbar kasuwa nesa ba kusa ba. Amma ku lura da inda abin ya karkata: wajen rage ci ya karkata.

Ko an haɗa shi da THC ma, sakamakon bai faranta rai ba. A 2006 an wallafa wani gwaji da aka yi a Turai kan masu ciwon daji 243 da suka rame. Wasu an ba su haɗin THC da CBD, wasu THC kaɗai, wasu kuma maganin da ba komai a ciki. Ba a ga wani bambancin kirki a cin abincinsu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jikin tsoho. Hanta ce ke sarrafa CBD, kuma yana rage saurin da take sarrafa wasu magungunan. Dattijon da ke shan warfarin, maganin tsinka jini, jininsa na iya tsinkewa fiye da kima. Wanda ke shan maganin barci ko na farfaɗiya, gyangyaɗinsa zai ƙaru. Tsohuwar da ta tashi alwalar asuba da jiri ta faɗi ta karye a ƙugu, wani lokaci ba ta sake miƙewa. A 2023 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta rage adadin da take ba da shawarar a sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10, kuma wannan ga masu ƙoshin lafiya ne.

Sannan me ke cikin kwalbar? A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa binciken kayan CBD 84 da aka saya ta intanet. Kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da aka rubuta ya dace da abin da ke ciki, kuma an sami THC a cikin guda 18 daga cikinsu. A Najeriya kuma wiwi haramtaccen abu ne a doka, hukumar NDLEA na kama masu mu'amala da shi.

To me ya hana Baba ci? Tsufa kansa yana rage jin ƙamshi da ɗanɗano, abinci yana daɗewa a ciki, sai mutum ya ƙoshi da wuri. Amma sau da yawa akwai dalilin da za a iya gyarawa. Ku leƙa bakinsa: haƙori mai ciwo, dasashi mai kumburi, haƙoran roba da suka yi sako-sako. Ku lura ko yana sarƙewa in yana haɗiya. Ku duba magungunansa, domin metformin na ciwon suga da digoxin na zuciya duk suna iya ɗauke sha'awar abinci. Taurin bayan gida ma yana hana ci. Akwai kuma ciwon damuwa, wanda ba mu cika ganewa a jikin tsofaffi ba. Dattijon da matarsa ta rasu, abokan majalisarsa suka ƙare, ake tura masa kwano ɗaki shi kaɗai, ta ina abinci zai yi masa daɗi? Wani lokaci kuma ramar ita ce alamar farko ta tarin fuka, ko ciwon ƙoda, ko ciwon daji.

Likitoci suna da ma'auni. Idan tsoho ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa shekara ba tare da niyya ba, sai an bincika. Mai kilo 60, kilo 3 ke nan. Don haka ku riƙa ɗora shi a sikeli duk wata, ku rubuta.

A gida, ku daina cika masa kwano. A ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, abu mai laushi mai gina jiki: kunun gyaɗa da madara, fura da nono, alala, faten wake, dafaffen ƙwai, kifi a miya. Mai ciwon suga ko na ƙoda, likita ya tsara masa. Kada ya cika cikinsa da ruwa ko shayi dab da cin abinci. Ku sa jikoki su zauna su ci tare da shi, ku tambaye shi abin da yake marmari.

Ranar zuwa asibiti, ku zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da kwalbar CBD in an riga an saya, ku ajiye a gaban likita.