Yadda Ake Gane Maƙerin Tsohuwar Butar Gahawa ta Azurfa Daga Hatimanta

Jama'a, assalamu alaikum. Wanda aka miƙa wa tsohuwar butar gahawa ta azurfa, ƙirar Ingila, ya fara kifa ta tukuna, domin a gindinta ko kusa da mariƙinta ne ake samun ƙananan hatimai huɗu ko biyar a jere, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba.

Hatiman sun girmi butar nesa ba kusa ba. Tun shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa dokar buga kan damisa a kayan azurfa, alhali butar gahawa ta azurfa mafi tsufa da aka sani a Ingila ta 1681 ce, tana nan a gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan.

Yawancin mutane hatimin maƙeri suke fara dubawa, ni kuwa shawarata a bar shi sai daga ƙarshe. A fara neman zaki mai tafiya, wanda ake bugawa tun 1544, shaidar cewa kashi 925 cikin 1000 zallar azurfa ce. Daga nan sai hatimin garin da aka yi gwaji: kan damisa na Landan, anga ta Birmingham, kambi na Sheffield kafin 1975, waɗannan biyun kuwa sai 1773 aka buɗe ofisoshinsu. Sai harafin shekara, wanda a Landan kafin 1975 ake zagayawa da haruffa 20, ana sauya salon rubutu da siffar garkuwar da ke kewaye da su. In an ga kan sarki ko sarauniya, yawanci alamar biyan haraji ce, wadda aka riƙa bugawa tsakanin 1784 da 1890.

Sai an san gari da shekara sannan haruffan maƙeri ke da amfani, saboda maƙera da dama sun yi tarayya a haruffa iri ɗaya. Dubi Paul de Lamerie, shahararren maƙerin azurfa na Landan. Daga 1697 zuwa 1720 doka ta ɗaga awon azurfa zuwa kashi 958, ta kuma ce maƙeri ya buga haruffa biyu na farkon sunan gidansu, shi ya sa hatiminsa na farko LA ne, daga baya ya koma PL. Wanda bai san wannan ba sai ya zaci mutum biyu ne.

Akwai kuma abin da dillalai ba su cika son a faɗa ba. Hatimin yana nuna wanda ya kai kaya gwaji ya ɗauki alhakinsu ne, ba lalle ne hannunsa ya ƙera ba. Hester Bateman, wadda ta yi rajistar HB a 1761 bayan rasuwar mijinta, maƙera ce guda take jagoranta tare da 'ya'yanta da ma'aikata.

Algus ma tun wancan zamanin ake yin sa. Bayan harajin da aka ɗora a 1720, wasu maƙera sukan yanko hatimai daga ƙaramin abu su liƙa a gindin babbar buta don kauce wa biya. Saboda haka a yi huci kewayen hatiman, sau da yawa layin liƙin zai bayyana. A ɗaga murfi kuma a duba cikinsa, domin in babu hatimi, ko nasa ya saɓa da na jikin butar, akwai alamar daga baya aka haɗa su.