Fodkas: Jif ta Sauko daga Daji zuwa Kwalta

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Garba da Bashir, kuma hirarmu a kan tsohuwar jif ce ta Willys, wadda wasu makanikai a Amurka ke cire mata kayan daji su mayar da ita hot rod, motar gudu a kan kwalta. Malam, me ake yi mata?

Malam Garba: To Hadiza, sai an fara sanin yadda take tun asali. Willys MB motar yaƙi ce, an ƙera ta daga 1941 zuwa 1945, kuma idan aka haɗa da wadda Ford ya yi mai suna GPW, sun haura 600,000. Injinta silinda huɗu ne, lita 2.2, ƙarfin doki 60. Tana da giyar taimako, tayoyi huɗun duka suna ja, ga tsayi daga ƙasa saboda laka da duwatsu. Mai gina hot rod duk wannan yake kwancewa. Ya cire aksul ɗin gaba mai ja, ya cire giyar taimako, ya bar tayoyin baya kawai su riƙa turawa, sannan ya saukar da bodin har ya kusa shafar titi.

Bashir: Ya kuma dasa mata V8, inji mai silinda takwas! Ni fa nan ne raina yake, Malam. Ka ɗauki injin Chevrolet mai lita 5.7, wanda zuriyarsa ta fara tun 1955, ka ɗora wa motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Doki 300 ba abin wahala ba ne a wannan injin. Ninki biyar ke nan. Ga salansa a fili gefe da gefe, ga gilashin gaba an kwantar da shi, ga wannan fuskar mai tsaga tara tana kallonka daga ƙasa-ƙasa.

Malam Garba: Na ji daɗinka, amma dasa inji shi ne mafi sauƙi a aikin. Abin da ke hana ni barci tazarar tayoyi ce. Tsakanin tayar gaba da ta baya a MB inci 80 ne, wato mita 2 da ɗan ɗigo. A daji wannan alheri ne, tana juyawa a ɗan ƙaramin wuri. A kwalta kuwa, ka taka totur da doki 300 kana fitowa daga kwana, bayanta zai wuce gabanta kafin hannunka ya juya sitiyari.

Hadiza: To yaya suke magance wannan?

Malam Garba: Masu hankali suna fitar da aksul ɗin gaba can gaban fuskar motar, sai tazarar ta ƙaru. Yawanci ma sabon shasi suke ginawa, domin na asali ƙarfe ne mai buɗaɗɗen gefe, yana murɗewa. Wanda ya nace sai ya yi amfani da shi, dole ya rufe gefen da faranti ya bi shi da walda. Ta bayan motar kuma sai a yanka shasin a ɗaga shi ya bi ta saman aksul, bodin ya samu sauka ba tare da ƙarfe na dukan ƙarfe ba. Aksul ɗin bayan ma canjawa ake yi, galibi da na Ford mai inci 9, wanda ya fito a 1957. Na asalin ba zai jure wannan ƙarfi ba. Sai birki: na ganga ne ƙanana a ƙafa huɗun, dole a sa na faifai, aƙalla a gaba.

Bashir: Akwai zafi kuma. Fuskar jif siririya ce, lagireton da V8 ke buƙata da ƙyar yake shiga. Idan aka ja injin baya don daidaita nauyi, sai ya cinye wurin ƙafar direba. Za ka ga fedar birki da ta totur sun matsu, bututun hayaƙi na wucewa daf da idon sawu.

Hadiza: Ni abin da ke damuna daban ne. Wannan mota tarihi ce. Idan aka sa mata abin yanka, ba ta dawowa. Kuma hot rod ai da Ford ya tashi, a kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1930, ana tsere a busassun tafkuna irin su Muroc. Me ya kawo jif ciki?

Bashir: Ai Willys ba baƙo ba ne a wannan fage, Hadiza. Ƙananan motocinsa na 1940 da 1941 sun yi suna sosai a tseren miƙaƙƙiyar hanya a shekarun 1960, saboda rashin nauyi. Kuma kamfanin da kansa ya fitar da jif mai jan baya kawai: Jeepster a 1948, daga baya kuma jerin DJ, waɗanda aka yi ta raba wasiƙu da su a Amurka.

Hadiza: Na yarda da wannan, amma har yanzu ba ka amsa mini ba. MB mai lafiya, da lambobinta na asali, ya dace a yanka ta?

Malam Garba: Bai dace ba, ina bayanki. Kuma babu ma buƙata. Akwai DJ da CJ, wato jif ɗin farar hula, waɗanda tsatsa ta riga ta cinye ƙasansu, ba mai iya mayar da su yadda suke. Akwai kuma sababbin bodi na ƙarfe da ake bugawa a Filifins, ƙasar da jif ɗin da sojojin Amurka suka bari suka zama motocin haya. Tunda shasi, aksul, birki da inji duk sababbi za ka sa, daga tsohuwar motar siffarta kawai kake nema.

Bashir: Na karɓa. Sai dai a bar mini fuskar nan da madigadi masu faɗi.

Malam Garba: An bar maka. Ka dai haɗa da ƙarfen kariya a saman kai, wanda aka ɗaure shi a shasi, da bel mai riƙe kafaɗu biyu, don motar ba rufi ba ƙofa. Sannan ka duba dokar rajista kafin ka kunna na'urar walda, domin a Amurka kowace jiha da nata sharuɗɗan kan motar da aka haɗa a gareji.