Faifan garmaho da waƙar waya: a ina sautin yake zubewa?

Jama'a, kwana biyun nan ana ta yawo da wani zane a Facebook: sautin faifan garmaho layi ne sumul, na dijital kuma kamar matakalar bene. Wai an daddatsa shi, rabi ya zube. Bari mu duba.

Ga faifan. Yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, allura tana bin tsagin jikinsa. Kun ji wannan ƙas-ƙas ɗin? Ƙurar hunturu ce ta shige tsagin. A bar shi cikin mota a zafin Afrilu na Gombe kuwa, sai dai a tarar ya lanƙwashe.

Faifan sidi (CD), wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai ƙoshin lafiya, ba ya jin abin da ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa. Ƙa'idar ita ce, muddin awon ya wuce ninki biyu na abin da ake son kamawa, na'ura za ta maido da layin sumul yadda yake. Matakalar nan a zane kawai take, ba ta kaiwa lasifika.

To a ina ake asarar? Wajen matse fayil don a rage girmansa, kuma nan ne mutane ke rikicewa. Sidi yana ɗaukar kilobit (ma'aunin yawan bayanai) 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da mai tura waƙa ya zuba maka a memori a bakin kasuwa, sau da yawa 128 ne, wani ma 64. A 128, kusan kashi ɗaya cikin 11 ne ya rage. An zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura ba. Ku saurari kalangun nan a asalinsa. Yanzu ga shi a 64. Kun ji kaifin dukan ya dushe, gogen kuma kamar a cikin randa ake goga shi?

A lura, turawa ta Xender ba ta rage komai, fayil ɗin ne yake tafiya yadda yake. Ɓarnar tana wajen juyi: wannan ya ciro daga bidiyo, wancan ya sake matsewa, kowa ya zaftare nasa. Mayar da 128 zuwa 320 kuwa cin wuri ne kawai a memori. Dusar da aka tankaɗe aka ba awaki ba ta komawa gari.

Ɗumin sautin da ake yabon faifan garmaho da shi fa? Akwai shi, ni ma yana min daɗi. Ɗan jirkicewa ne daga allura da na'urar, sannan galibi ba a cusa wa faifai ƙara kamar yadda ake yi wa waƙoƙin yanzu.

Mai son gwadawa ya nemi FLAC ko WAV na asali, wato fayil ɗin da ba a zubar da komai daga sautinsa ba, ya kwatanta da MP3, ya sa iyafis mai kyau, ya daidaita ƙarar biyun kafin ya saurara.