Bears ta kori mai tsara mata hari, amma ciwon ya girme shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin tafkin Mishigan nake tsaye, kuma Nuwamba ta shigo Shikago da sanyinta. Wancan ginin mai dogayen ginshiƙai da kuke hangowa a bayana shi ne Soldier Field, gidan ƙungiyar Chicago Bears. Yau Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, kuma da safen nan aka sanar cewa an sallami Shane Waldron, kocin da ke tsara wa ƙungiyar hari. Wasa 9 kacal ya yi a kan aikin. Tun da labarin ya fita, gidajen rediyon wasanni na garin nan ba su da wata magana sai ita, masu kiran waya kowa na cewa gara da aka yi. Ni ma na ce gara da aka yi. Amma zuciyata ba ta yi sanyi ba, kuma dalilin da ya hana ta sanyi shi ya fito da ni cikin wannan iska.

Ga 'yan uwa da ke kallo daga gida, waɗanda ba su saba da ƙwallon Amurka ba, ga yadda take a gajarce. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta samu, a sake ba ta wasu huɗun, har ta kai ƙarshen fili ta ci tacdawun, wato maki 6. Hanya biyu ce: ko a rungumi ƙwallo a ruga da ita, ko a jefa ta sama wani ya cafe. Mai jifan shi ake kira kwatabak, kuma shi ne ran ƙungiya. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne su zama masa katanga, su ba shi daƙiƙa biyu ko uku ya duba ya jefa. In katangar ta rushe aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, an yi asarar dama, an yi asarar yadi, shi kuma ya sha ƙasa.

To, shekaranjiya Lahadi, a cikin wannan filin, an kayar da kwatabak ɗin Bears, Caleb Williams, sau 9. Sau 9, jama'a, a wasa ɗaya! Kuma ba wata gagarar ƙungiya ce ta zo ba. New England Patriots ce, wadda kafin ranar wasa 2 ta ci, aka cinye ta 7, ita ma sabon yaro ne ke jefa mata ƙwallo, Drake Maye. Aka tashi 19 da 3. Caleb ya yi jifa 30, aka cafe 16, duka-duka yadi 120. In ka haɗa gudu da jifa, ka cire abin da aka yi asara wajen kayar da shi, gaba ɗaya ƙungiyar yadi 142 ta samu. Mutanen da suka cika filin nan suka riƙa yi wa 'yan wasansu ihu, daga baya suka koma rera kiran a kori babban koci, Matt Eberflus. Kafin a tashi, kujeru da yawa sun zama wayam. Mako ɗaya kafin nan Arizona ta yi mana 29 da 9, can ma an kayar da yaron sau 6. Sau 23 a jere ƙwallo tana zuwa hannun Bears ba a ci tacdawun ko ɗaya ba.

Abin da ya sa abin ke ci mana rai shi ne alƙawarin da aka shigo da shi bana. Caleb shi ne na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2024, shi ya ɗauki kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2022 yana jami'ar USC. Aka ce ba a taɓa kawo sabon kwatabak cikin gata irin nasa ba, kuma da gaskiyar masu faɗa. Ga DJ Moore, wanda bara ya cafe ƙwallo ta yadi 1,364, aka sabunta masa kwantiragi na dala miliyan 110. Ga Keenan Allen da aka ɗauko daga Chargers, tsohon hannu wanda ya san duk wata kwana ta zille wa mai tsaro. Ga Rome Odunze, na tara a zaɓen bana, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ya sa mu 'yan Najeriyar garin nan muke bin sa da ido na musamman. Ga Cole Kmet. Kuma mun ga abin ya yi aiki. A Landan, ranar 13 ga Oktoba, an lallasa Jacksonville 35 da 16, Caleb ya jefa tacdawun 4, biyu ga Kmet, biyu ga Allen. Muka dawo da nasara 4, rashin nasara 2. Wallahi a makon nan duk inda ka shiga a Shikago fuskoki a sake suke.

Daga nan sai wasan Washinton. Kowa yana tuna jifan ƙarshe da kwatabak ɗinsu, Jayden Daniels, ya cilla daga tsakiyar fili lokaci ya ƙare, Noah Brown ya cafe, aka cinye mu 18 da 15. Ni ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. Kafin nan, muna dab da layin ci, saura yadi ɗaya, sai Waldron ya tsara a miƙa ƙwallo ga Doug Kramer, ɗan katanga na benci, mutumin da riƙe ƙwallo ba sana'arsa ba ce. Ƙwallo ta suɓuce, Washinton ta ɗauke. Kana da duk waɗannan mutanen da na lissafa, an zuba musu kuɗi don irin wannan lokacin, sai ka tsallake su. A wasan Arizona kuwa Kmet, wanda ya ci biyu a Landan, ko sau ɗaya ba a jefa masa ƙwallo ba.

Laifin Waldron a fili yake. Ranar Lahadi manyan 'yan katanga biyu na gefe, Braxton Jones da Darnell Wright, duk suna jinya ba su buga ba. Mai hankali in ya ga haka sai ya gajarta jifa: yaro ya karɓa, taku biyu, ya saki. Ko ya sa shi ya riƙa gangarawa gefe yana jifa a guje, abin da ya fi ƙwarewa a kai tun yana jami'a. Ko ya ajiye mutum ɗaya ya taya katanga. Maimakon haka sai ka ga masu cafewa sun nufi can nesa, hanyoyinsu na buƙatar lokaci, lokacin kuma babu shi. Wani sa'in ka ga biyu sun taru wuri ɗaya, mai tsaro ɗaya ya ishe su.

Shi ma Caleb ba zan wanke shi tas ba. Yana riƙe ƙwallo fiye da kima. A jami'a in katanga ta rushe yakan zille, ya kewaya, ya ƙirƙiro wani abu, kuma ya saba abin yana fita. A NFL, wato babbar gasar ƙwararru, mutumin da ke bin ka ya fi ka gudu ko da ya fi ka nauyi. Dogon jifansa ma bana yana yawan wuce kan mutane. Amma shekararsa 22, wasa 9 ya yi. Irin waɗannan kurakuran koci ake ɗauka don ya gyara su. Abin da nake gani yanzu, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne yaron ya fara kallon masu zuwa kayar da shi maimakon ya kalli masu cafewa. Wanda ya sha duka haka yake komawa, kuma mun taɓa ganin wannan a garin nan.

A 2021, wasan farko da kwatabak ɗinmu na lokacin, Justin Fields, ya fara, a Cleveland, sau 9 aka kayar da shi, lissafi ɗaya da na shekaranjiya. Da aka cire asarar, yadi 1 tak ƙungiyar ta samu ta hanyar jifa. Ku koma baya kaɗan. A zaɓen 2017 Bears ta ɗauki kwatabak Mitch Trubisky na biyu, Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama gwarzon kwatabak, yana zaune har sai na goma Kansas City ta ɗauke shi. Kocin da Trubisky ya tarar, John Fox, a ƙarshen shekarar aka kore shi. Fields ya tarar da Matt Nagy, a ƙarshen shekarar aka kore shi. Yanzu Caleb ya tarar da Eberflus, mutumin da fanninsa tsaro ne, wanda ya ci wasa 14 aka cinye shi 29, kuma kowa na ganin kwanansa ya kusa ƙarewa. Sau uku ke nan a jere ana kawo yaro mai baiwa a damƙa shi ga kocin da kujerarsa ke rawa. Kamar ka kai ɗanka koyon ɗinki ne, duk shekara a canza masa maigida, kowane ya ce ya manta da yankan wancan, sannan ka zo kana faɗan bai iya wuyan riga ba.

Wannan ƙungiya tun 1920 take, tana cikin waɗanda suka kafa gasar. Duk da haka ita kaɗai ce a cikin ƙungiyoyi 32 da ba ta taɓa samun kwatabak da ya jefa yadi 4,000 a kaka ɗaya ba. Mafi yawa shi ne 3,838 na Erik Kramer, tun 1995, kuma har wannan kaka ta 2024 yana nan, ko da yake an ƙara wasannin kaka zuwa 17. Kofin Super Bowl ɗaya da muke tinƙaho da shi, na kakar 1985, tsaro da gudun Walter Payton ne suka kawo shi. Dattawan garin nan har gobe labarin wannan shekarar suke bayarwa, kuma ina ganin masu ƙungiyar, iyalan McCaskey, su ma zuciyarsu tana can. Wasan kuwa ya canza, dokokin yanzu mai jifa suke karewa, wanda bai iya jifa ba ba ya zuwa ko'ina.

Shi ya sa korar yau ba ta ishe ni ba. Eberflus ne ya kori Luke Getsy, mai tsara hari kafin Waldron, a Janairu, shi ne ya zaɓo Waldron daga Seattle, yau kuma ya kore shi. Wanda ya yi zaɓen yana nan a kujerarsa, kuma har zuwa wannan rana ta Nuwamba 2024 Bears ba ta taɓa korar babban koci ana tsakiyar kaka ba. Shi ma manaja Ryan Poles akwai tambaya a kansa: ya tara masu cafewa, amma tsakiyar katangar da faci-faci ya haɗa ta.

Yanzu an miƙa wa Thomas Brown, ɗaya daga cikin mataimakan koci, tsara harin, kuma Lahadi mai zuwa Green Bay Packers ce za ta zo nan, ƙarfe 12 na rana agogonmu, ƙarfe 7 na dare a Najeriya da Nijar. Sau 10 a jere suna cinye mu, rabonmu da mu cinye su tun Disamba 2018. Ba na roƙon abin al'ajabi. Ina so in ga ƙwallo tana barin hannun Caleb da wuri. Ina so a nemi DJ Moore tun a harin farko, a tuna da Kmet a tsakiyar fili, in hanya ta buɗe a bar yaron ya ruga da ƙafarsa. In an kayar da shi sau biyu ko uku aka tashi yana tafiya da ƙafafunsa, ko an cinye mu zan ce an fara gyara. Ku rubuto min a ƙasa, musamman 'yan uwanmu na Wiskonsin masu goyon bayan Packers, na san kuna nan kuna jira. Sai mun haɗu bayan wasan, in Allah ya kai mu.